Yadda ake zaɓa wa shafin kasuwanci riga a WordPress, a ɗinka ta daidai jikinsa

Goggona, ƙanwar mahaifina, tana sayar da acca da dankalin turawa da busasshen kayan miya, lokacin sanyi kuma har da sitiroberi. Daga nan Jos take sa kayan a mota zuwa Abuja da Kaduna da Kano. Shekara da shekaru a WhatsApp take cinikinta, har ta gaji da tura hoto ɗaya da farashi ɗaya ga mutum hamsin a wuni, ta ce in buɗe mata shafin intanet. Ranar da na je gidanta a Unguwar Rogo da kwamfuta ina nuna mata samfura, sai ta ɗora yatsa a kan wani mai hotuna suna ta zamewa, ga bidiyo yana motsi a bayan rubutu.

"Wannan nake so, ɗan nan."

"To Goggo, ba ni wayarki."

Na buɗe shi a 'yar Android ɗinta da ta kwana biyu. Muka zuba wa farin allo ido, har shayin da aka kawo mini ya fara hucewa. Ta ce, "Ya lalace ne?" Na ce lafiyarsa ƙalau, kaya ne suka yi masa yawa. A kwamfutata ya buɗe nan take, amma masu sayen accarta ba da kwamfutata za su zo ba.

Abin da ta nuna ɗin, a allon WordPress Themes aka rubuta masa. Ni riga nake ce masa, don aikinsa ke nan. Rubutunka da hotunanka da farashinka suna ajiye a rumbunsu daban. Rigar ce ke yanke launi, da salon haruffa, da inda tambari zai zauna, da yadda kaya za su jeru. Kana iya tuɓe wata ka sa wata, rubutunka bai taɓu ba, sai dai kwalliyar da ka kwana kana yi wa tsohuwar ba za ta biyo ka ba.

Bayanina a kan WordPress ne, manhajar gina shafin intanet da Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita a 2003, wadda yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kanta. Na ɗauka ka riga ka biya kuɗin masauki, wato wurin da shafin zai zauna a intanet, kana da adireshinka, ko .com ko .com.ng, kana kuma iya shiga ɗakin sarrafa shafin, wato adireshinka da /wp-admin a wutsiyarsa.

Takarda da biro tukuna

Kafin ka fara kallon riguna, rubuta abin da baƙo zai zo nema. Na tambayi Goggo me aka fi tambayarta. Ta ƙirga da yatsu: nawa ne mudun acca, yaushe mota ke tashi, ta ina za a biya. Uku ke nan. Na zana doguwar murabba'i mai siffar waya a takarda, na sa sunan kasuwancin a sama, farashi a ƙarƙashinsa, sai maɓallin yi mata magana. Wannan zanen shi ne awon da za ka tafi da shi kasuwa. Wanda ya tafi ba awo, duk rigar da ta fi walƙiya ita zai ɗauko.

A nan ne kuma za ka yanke ko kana buƙatar kwandon saye da biyan kuɗi a kan shafin. In kana buƙata, nemi rigar da aka rubuta tana tafiya da WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafi kanti, daga baya ka haɗa ta da masu karɓar kuɗi ta intanet, Paystack ko Flutterwave. Mu mun bar shi. Farashin dankali a kasuwar Farin Gada na iya kwana wani ya tashi wani, kuma mai saye yana so ya yi ciniki, ya ce a rage masa, ya tambayi ko na jiya ne. Kwandon saye ba ya cewa albarka.

Inda ake nema, da abin da ake dubawa

Fara da rumbun WordPress na kansu, wordpress.org/themes. Akwai riguna sama da 10,000 kyauta, kuma sai an duba kowace kafin a karɓe ta. Kada yawan ya ruɗe ka. Waɗanda na fi komawa gare su ba su da yawa: Astra, GeneratePress, Kadence, Neve, Blocksy, sai waɗanda WordPress ke fitarwa da sunan shekara, irin su Twenty Twenty-Four da Twenty Twenty-Five. Duk suna da sauƙin jiki, kuma in ka maƙale za ka sami wanda ya taɓa maƙalewa a wurin.

A gefen kowace riga akwai 'yan bayanai da mutane ke tsallakewa. Duba ranar da aka sabunta ta na ƙarshe. In ta haura shekara biyu ba a taɓa ta ba, rumbun da kansa yakan sa gargaɗi a sama, ni kuwa ko shekara ɗaya ta wuce nakan yi gaba. Duba shafuka nawa ke sanye da ita. Sannan ka buɗe ra'ayin waɗanda suka ba ta tauraro ɗaya, ba masu biyar ba. Mai yabo zai ce ta yi kyau ya tafi, mai ƙorafi shi zai faɗa maka inda ɗinkin ke warwarewa.

Akwai na kuɗi, a kasuwanni irin ThemeForest, da dala ake saye, da yawansu dala 59 ko kusa da haka. Ban hana ka ba, amma ga ƙaramin kasuwanci ban cika ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. Yawancin kyan da kake gani a samfurinsu na hotuna ne da ƙwararrun masu ɗaukar hoto suka ɗauka, kuma sau da yawa ba a sayar maka da hotunan. Ka cire su ka sa hoton buhun dankali da aka ɗauka a zaure, ka ga saura me.

Abin da zan hana ka shi ne rigar kuɗi da aka fasa ake rabawa a banza ko a araha. Ni ma na taɓa faɗawa. Wani yaro a wani shagon waya ya tura mini guda a kan kuɗin kati, na ɗora wa wani mai sayar da takalma. Mako uku lafiya lau. Ran nan da sassafe sai ga kiransa: "Malam, me ka sa mini a shafi? Surukina ya buɗe, ya tsinci kansa a wurin caca!" Na buɗe a wajena, ban ga komai ba, domin an tsara mugun abin ya ɓuya wa mai shafi, baƙo kawai yake kwashewa. Sai da na share komai na sake daga tushe, kuma ban karɓi ko sisi a aikin na biyu ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Gwaji a wayar mai saye

Ka tsayar da uku, kada su wuce haka. Kowace tana da samfurin da ake iya buɗewa. Buɗe shi a waya, ba taka mai tsada ba, ari irin wadda kwastomominka ke riƙewa. Kashe wayifai, ka yi da data, in da hali a inda sabis ke rawa. Ƙirga sakan nawa kafin ka iya karanta layin farko. Duba ko yatsa ɗaya na iya buɗe jerin sassan shafin ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba, ko sai ka ja allo hagu da dama kafin ka gama karanta jimla.

Daga nan ka kwafi adireshin samfurin ka kai shi pagespeed.web.dev, ma'aunin Google na kyauta. Ka kalli sakamakon waya, ba na kwamfuta ba. Yana ba da maki daga 0 zuwa 100: daga 90 zuwa sama kore, 50 zuwa 89 ruwan lemo, ƙasa da 50 ja. A ƙa'idarsu, babban abin da ke allon farko ya kamata ya bayyana cikin sakan 2.5. Rigar da ta sami ja tun ba ka ɗora mata kayanka ba, ba za ta gyaru a hannunka ba.

Lissafin data ma mai sauƙi ne. Shafi mai nauyin megabait 5, buɗewa 200 ya cinye gigabait guda. Mai megabait 1 kuwa sai an buɗe shi sau 1,000. Kuɗin daga aljihun mai saye yake fita, kuma ba zai zo ya yi maka ƙorafi ba, rufewa kawai zai yi.

Ƙ da ɗ da ɓ

Wannan ne gwajin da masu ƙera rigunan ba su yi maka ba, domin ba da Hausa suka gwada ba. Salon haruffa da yawa, musamman masu ado da ake sa wa kanun magana, ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Idan burauza ta zo kan ƙ ba ta same ta a salon da aka zaɓa ba, sai ta aro daga wani. Shi ne za ka ga "ƙosai" da ƙ siririya ta sha bamban da 'yan'uwanta, ko ta ɗan yi sama, kamar baƙuwa a gidan biki. A wasu wayoyin ma ɗan akwati ne fanko zai fito. Masu harkar na kiran wannan akwatin awara, don kamar da suka yi, kuma daga nan sunan haruffan Noto na Google ya samo asali: babu awara.

Ga yadda nake gwadawa. Ina da layi ɗaya da nake liƙawa ko'ina: "Ɓarawo ya ɗauke ƙosai. Ƙofa a buɗe. Ɗaki ya ɓaci. ₦2,500." Manya da ƙanana duk suna ciki, da alamar naira, wadda ita ma takan yi ɓatan dabo. Sa shi a matsayin kanun magana, sa shi a cikin rubutu, sa shi da kauri, sa shi a kan maɓalli. Manyan na da muhimmanci, domin riguna da yawa kan mayar da sunayen sassa zuwa manyan baƙaƙe da kansu, ka rubuta "ƙarin bayani" ya fito ƘARIN BAYANI da Ƙ a karkace.

In rigar ta faɗi wannan gwajin, ba lallai ka yar da ita ba, salon haruffan za ka canza. Noto Sans da Noto Serif suna da haruffanmu cif. Haka Andika da Charis SIL da Gentium, waɗanda aka ƙera musamman saboda harsuna irin namu. A fonts.google.com akwai wurin da za ka liƙa layinka ka ga yadda kowane salo ke fitar da shi kafin ka zaɓa. Salo ɗaya ya isa, biyu iyaka, domin kowane ƙari fayil ne da wayar baƙo za ta sauke.

Wani ɗan abu da ke ci mini rai: WordPress kan lanƙwasa alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya, a farkon kalma kuma yakan juya ta baibai, ya ɗauka buɗe zance ake yi. Mai karatu zai gane, amma in kai ma irina ne, kwafo lanƙwasasshiyar da ta juya daidai ka liƙa da hannu.

Ɗora ta

In shafin na da kaya a kai tun da, yi ajiyar ko-ta-kwana kafin ka taɓa komai. Fulogin ɗin UpdraftPlus (fulogin ƙaramar manhaja ce da ake ƙara wa WordPress) na yin wannan kyauta, ya aika kwafin zuwa Google Drive. In sabo ne fil, shiga Settings, sannan Reading, ka sa alama a akwatin da ke cewa kada injunan bincike su leƙo shafin, don kada Google ya ɗauki hotonka kana tsakiyar sa wando. Riƙe wannan akwatin a ranka.

Yanzu je Appearance, ka danna Themes, sai maɓallin ƙara sabuwa da ke sama, Add New ko Add Theme, ya danganta da zamanin WordPress ɗinka. Rubuta sunan rigar a wurin bincike, danna Install. In ta gama sauka kada ka yi gaggawar kunna ta, danna Live Preview ka ga yadda ta zauna wa kayanka, baƙi ba sa ganin wannan. In ta yi maka, sai Activate.

Wanda ya sayi tasa zai bi ta Upload Theme ya ɗora fayil ɗin zip. Kusan kowa yakan yi tuntuɓe a nan: sai a ce maka an kasa, wai babu style.css. Ba lalacewa ta yi ba. Ƙunshin da ka sauke ya haɗa da takardun bayani da lasisi, ainihin rigar tana ciki a wani ƙaramin zip. Kwance babban a kwamfuta, ka ɗora ƙaramin.

Bayan ka kunna, sake duba ƙarƙashin Appearance. In ka ga Customize, rigarka ta tsohon tsari ce, saituna a hagu, shafin a dama. In Editor ka gani, ta sabon tsari ce da ya zo da WordPress 5.9 a Janairun 2022, inda goshin shafi da gindinsa duk tubala ne da kake ɗagawa ka sauke. Duka biyun suna aiki. Ga mai koyo, na tsohon tsarin ya fi wuyar ɓatawa.

Riguna da yawa za su yi maka tayin shigo da samfurinsu gaba ɗaya da dannawa guda. Yana rage aiki, amma yana zuwa da gayya: fulogin biyar ko shida, shafuka goma na rubutun bogi, hotunan mutanen da ba ka sani ba. In za ka karɓa, zaɓi mafi sauƙi, ka zauna a ranar ka share duk abin da ba ya cikin zanenka na takarda. Na taɓa ganin shafin wani mai ɗinki a Bukuru, wata uku da buɗewa, adireshin da ke ƙasansa na wani titi ne a Amurka. Rigunan da ba ka amfani da su ma ka goge, ka bar guda cikin na WordPress saboda ranar da taka za ta ba da matsala.

Ɗinki

Fara da tambari da sunan kasuwanci. Akwai kuma ɗan hoton da ke fitowa a saman burauza, murabba'i ne, fiksel 512 a kowane gefe ko fiye. In ba ka da tambari, sunan kawai a rubuce da kyau ya fi wanda aka haɗa a gurguje.

Launi biyu, sai bango fari ko mai kusa da fari. Goggo ta so kore da ja da ruwan gwal a haɗe, muka daidaita a kan kore mai duhu, ja kuma ga maɓalli kaɗai, don ido ya san inda zai je. Rubutu ya zama baƙi sosai. Yayin da ake yi na toka-toka a kan fari ba na mutanen da ke karatu a tsakar rana ba ne. Ƙa'idar duniya ta ce bambancin hasken rubutu da na bango ya kai 4.5 bisa 1, amma gwajina ya fi sauri: fita waje da hantsi ka karanta. Girman haruffa kada ya gaza fiksel 16. Goggo ta gwada ba tabarau, da ta karanta farashin na san mun wuce wurin.

Koma Settings da Reading, ka zaɓi tsayayyen shafi ya zama na farko. A General ka sa lokacin Lagos. A Permalinks ka zaɓi Post name, don adireshin kowane sashe ya zama kalma ba lambobi ba. Jerin sassa kada ya wuce huɗu ko biyar, kowane da gajeren suna: Kaya, Farashi, Aike, Tuntuɓe mu.

Maɓallin WhatsApp ba ya buƙatar fulogin. Sa maɓalli na yau da kullum, adireshinsa ya zama wa.me/ sai 234, sai lambar ba tare da sifilin farko ba, ba tazara, ba alamar tarawa. Ɗora shi inda za a gan shi tun ba a ja allo ƙasa ba.

Hotuna su ne ke karya shafi bayan an zaɓi riga mai kyau. Hoton da waya ta ɗauka kan kai megabait 3 zuwa 5. Kai shi squoosh.app, ka rage faɗinsa zuwa fiksel 1,200, nauyinsa ya dawo ƙasa da kilobait 200. WordPress na karɓar nau'in hoto na WebP tun 2021, kuma ya fi JPEG sauƙi. Ɗauki hoton da safe a inuwa, a kan farin zane ko sabon faifai, duka da siffa ɗaya don jerin ya daidaita. Hotuna masu zamewa a goshin shafi kuwa, kashe su. Guda ɗaya mai kyau ya wadatar.

Za ka tarar da 'yan kalmomin Turanci da suka zo da rigar, irin na wurin bincike da na ci gaba da karatu. Wasu ana canza su a saituna, sauran kuma fulogin ɗin Loco Translate zai ba ka dama ka mayar da su Hausa ɗaya bayan ɗaya.

Za ka kuma ji ana cewa dole ka yi 'yar riga, wato ƙaramar da ke gadon uwar, don kada sabuntawa ta share aikinka. Gaskiya ne in fayilolin rigar za ka buɗe ka yi musu gyara da hannu. Abin da ka saita ta Customize ko Editor kuwa a rumbu yake, sabuntawa ba ta taɓa shi. In ba ka rubuta lambobin manhaja, bar ta.

Da ka gama, fita daga ɗakin sarrafawa ka shiga kamar baƙo. Tura wa mutum uku adireshin, masu waya daban-daban, kada ka yi musu bayani, ka ce kawai su nemo farashin acca su yi magana. Ɗan Goggo da ke Kano ne ya gano cewa na bar sifilin a lambar WhatsApp, ni da na gama faɗa maka a cire shi. Sake kai shafin ma'aunin Google, yanzu da kayanka a kai.

Sai akwatin nan na Reading. Koma ka cire alamar. Na Goggo na manta, sai bayan kusan wata guda ta kira ni bayan Magariba: "Ɗan nan, maƙwabciyata ta rubuta sunana a Google, wai ba ni." Ina tsaye a Terminus ina jiran keke na shiga ta waya, na cire alamar, na danna Save Changes.